Batirin Aro

Ɗana na biyu direban soja ne a wancan lokaci, kofur mai igiya biyu, kuma motar da aka damƙa masa babbar mota ce ta ɗaukar sojoji wadda birkinta ke zubar da iska. Daga nan zan fara, domin duk abin da ya biyo baya daga wannan birki ya taso. Ni mutum ne mai son a faɗi magana bi da bi, ta farko kafin ta biyu. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na yi aikin jirgin ƙasa har na yi ritaya, kuma aikina shi ne duba taragu kafin su bar tasha. A can na saba da cewa ba a sallamar abin hawa sai an gwada tsayawarsa.

Shekarun nan ne da wayar hannu ta fara shiga hannun talaka. Ni ina Sabon Garin Zariya, a gidan da na zauna tun ina aiki. Shi kuwa yana haya a Samaru da matarsa, ɗaki da falo a gidan da ɗalibai suka cika, saboda babu masauki a barikinsu. Kowace Lahadi in an tashi daga sujada sai in hau bas a unguwar PZ in je in ci abincin rana a wurinsu. A kan wannan abinci nake jin labarin motocin.

Motoci goma sha biyu ne a jere a garejinsu. An sayo su daga wata ƙasa shekarun baya, manya, masu kyan gani. Wanda ya sayo su bai tambayi kowa irin hanyar da za su bi ba, balle ya tambaya ko akwai kayan gyaransu a ƙasar nan. Kuma babu. Ba a Sabon Gari, ba a Kaduna, ba a Kano. In ɗaya ta lalace sai a kwance wani abu daga jikin wata a ɗaura mata. Da haka da haka har ya zamana huɗu ne kaɗai ke fita aiki. Sauran suna tsaye, batiransu sun mutu saboda zama. Ta ɗana tana cikin na tsayen. Injinta lafiya lau, in ji shi, amma tiyon da ke kai wa birki iska ya tsage. In ka taka ka sake takawa, iskar ta ƙare, babu abin da zai kama.

“Ka faɗa musu?” na tambaye shi.

“Baba, wa bai sani ba? Saje ya sani, samanja ya sani. Har ɓerayen da ke kwana a ƙarƙashin kujerar sun sani.”

Matarsa ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Yanzu sai in kawo maƙwabcina, mai shagon cajin batir a bakin layinmu. Iyayensa daga kudu suka zo, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi, bakinsa kuma ba ya hutawa. Tsohon reluwe yake ce mini. A bencinsa nake zama da safe in duba jarida. Cikin shagon akwai manyan batira na direbobin tirela da na masu janareta, jere a kan katako suna shan wuta.

Ga al'adar da ke tsakaninsa da barikin. Duk lokacin da wani babba zai zo daga hedikwata ya duba su, sai sojoji su zo su ari waɗannan batira. A can za a wanke motocin, a shafa wa tayoyi baƙin mai su yi sheƙi, a shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, sannan a ɗaura batiran aro. Baƙo zai bi layi yana tafiya a hankali. In ya zo kan mota direba zai murɗa makulli, ya kunna fitila, ya danna hon, ya sauko ya ƙame. Ba motar da ke gusawa ko taku ɗaya daga inda take. In baƙo ya tafi sai a kwance batiran a dawo da su. Maƙwabcina ya gaji wannan hulɗa ne daga maigidan da ya koya masa aiki. Kowa a layin ya san da ita, har in aka ga kakin soja a shagon sai mata masu sayar da kayan miya su ce baƙo na tafe.

Wata safiya a farkon damina wani mutum ya tsaya da ƙaramar mota a bakin shagon. Kayan gida ne a jikinsa, amma tafiyarsa ta nuna shi. Ni ya fara gaisarwa, har da rusunawa, sannan ya ce shi ne manjon da aka ba kula da motocin barikin, bai daɗe da dawowa daga kwas ba.

“Roƙo na zo yi,” ya ce wa maƙwabcina. “In yaranmu sun zo aron batir, ka ce babu.”

Maƙwabcina ya dube shi sama da ƙasa. “Oga, yau na ga abin mamaki. Soja ya zo roƙo, kuma roƙon a hana shi. Tsohon reluwe, kana ji?”

Manjon bai yi fushi ba. Ya zauna a ƙarshen bencin.

“An ce mu zauna da shiri, ana iya tura mu aikin kwantar da rikici ko'ina cikin daminar nan. Abin da na koyo shi ne, kafin ka ce a saya maka wani abu, ka fara faɗin aikin da kake so ka iya. Namu aikin shi ne mu kwashi mutanenmu mu kai su inda babu kwalta, cikin ruwa da taɓo, in wani ya ji rauni mu fito da shi da ransa. Bayan nan sai ka duba me ke hannunka da zai yi wannan aiki. Abin da ya rage, shi za ka nema. Ni ban nemi sabuwar mota ko ɗaya ba. Na nemi tayoyi da tiyon birki, da janwe guda mai jan motar da ta lalace, da motar asibiti mai tsayi da za ta shiga daji, da a tura makanikai su koyo gyaran irin waɗannan motoci. Amma wa zai ba ni in baƙo ya zo ya ga goma sha biyu duk sun tashi? Zai koma ya ce ba mu rasa komai ba.”

Na ninke jaridar na ajiye. Ban taɓa jin mai kaki ya jera magana haka ba: aiki tukuna, sai abin da ke hannu, sai giɓin da ke tsakani, saye ya zo a ƙarshe. Ni ban san ana zuwa makaranta a koyo wannan ba, amma da na ji shi na san daidai ne.

“Oga, ba ka faɗi ƙarya ba,” in ji maƙwabcina. “Amma in na hana, akwai mai caji a PZ, akwai wani a bayan kasuwa. Kuma kai gobe za a yi maka canjin wuri. Ni da samanjanku za a bari a garin nan.”

Nan na sa baki na ce ɗana yana tuƙa ɗaya daga cikin motocin, mai zubar da iska.

“Na san ta,” in ji manjon. “Ita ce ta bakwai a layi.” Ya dubi batiran. “Baba, zan yi iyakar ƙoƙarina.”

Ya yi. Ɗana ya ba ni labari cewa manjon ya nemi a jera huɗun nan masu lafiya kaɗai, sauran a bar su a buɗe baƙo ya ga cikinsu. Kwamandansu ya ce tun da aka kafa barikin ba a taɓa nuna wa baƙo matacciyar mota ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ana gab da zuwan baƙon sai aka tura manjon wani taro a wani gari ya wakilci barikin. Ba a zage shi ba, ba a hukunta shi ba. An ɗauke shi daga hanya kawai.

Sai ga su sun zo aro, saje ɗaya da direbobi, ɗana a cikinsu. Ina zaune a bencin. Na bari ya ɗauki batir na farko ya kai mota, sannan na ce masa ya biyo ni bayan shagon.

“In ka ɗaura batirin nan, kada ka ɗaure kansa da kyau. Bar shi sako-sako. In an zo kanka ka murɗa makulli, ta ƙi tashi.”

Ya tsaya yana kallona, hannayensa duk baƙi.

“Baba, ku ne kuke faɗin haka? Ku da kuka taɓa sa ni na sake share tsakar gida saboda na faro daga ƙofa maimakon daga ciki?”

“Ni ne. Motar ba ta da lafiya. Abin da nake so a gani ke nan, ba wani abu ba.”

“In goma sha ɗaya suka tashi tawa ta ƙi, ba wanda zai ce mota ce ba ta da lafiya. Cewa za a yi kofur ya kunyata bariki a gaban baƙo. Gadurum za a kai ni, a cire mini igiya. Ga matata can da ciki.”

“Igiya ana mayar da ita.”

“Umarni ne, Baba.”

Daga gaban shagon sajen ya ɗaga murya. “Kofur! Shan nono ka zo yi ko ɗaukar batir?”

Sauran suka kwashe da dariya. Maƙwabcina yana cewa su riƙe jan batirin nan da kyau, na wani mai tirela ne da ya fi su zafin rai. Ɗana ya goge hannunsa a wando, ya ce mini sai Lahadi, ya tafi.

Ban ga laifinsa ba a ranar, ban gani ba har yau. Kofur ne. Abin da kwamanda ya ƙi ɗauka, abin da aka hana manjo ya nuna, ba a wuyan mai igiya biyu ya kamata ya faɗo ba. Manya sun tsara abin yadda gaskiya ba ta da hanyar fita sai ta hannun mafi ƙanƙanta, kuma in ta fita shi za a taka.

Ranar Lahadi na tarar da shi cikin fara'a. Duka goma sha biyun sun tashi, in ji shi, da ƙara har tsuntsaye suka watse daga kan darbejiya. Baƙo ya ji daɗi, ya ce bai ga bariki mai shiri irin nasu ba, ya ba su sa guda su yi walima. Kason ɗana ne matarsa ta dafa a miyar. Na ci tuwona na ture naman gefe.

“Baba, ba ku taɓa naman ba,” in ji ta.

“Haƙorana ne, ’yata.”

Ɗana ya ci gaba da cin tuwonsa. Ya san haƙorana lafiyarsu lau.

Abin da manjon ya hango shi ya faru. Buƙatarsa ta dawo da amsa cewa barikin bai rasa komai ba, babba ya gani da idonsa. Da rikici ya ɓarke tsakanin wasu garuruwa biyu a wata jiha mai duwatsu, aka duba wane bariki ne motocinsa suka cika, aka ce su. A wannan karon an sayi batira da gaggawa, tunda matacciyar mota ba ta fita ƙofa. Wannan shi ke ƙona mini rai har yau. An san a sayi abin da zai tayar da mota, ba a sayi abin da zai tsayar da ita ba. Tiyon birkin ɗana, makanikinsu ya naɗe shi da robar tub ya ɗaure da waya.

Ya zo yi mini sallama da rana, cikin kaki. Na yi masa addu'a. Na ce in ya zo gangara ya sa ƙaramar giya tun daga sama, kada ya dogara da birkin.

“Baba, jirgi kuka sani,” ya ce yana murmushi. “Mota ku bar mana.”

Ba su daɗe da tafiya ba, wata rana da tsakar rana, acaɓa ya sauke matarsa a bakin shagon maƙwabcina. Ga tsohon ciki, ga takalmi ɗaya a ƙafarta. Wani abokin aikinsa ne ya buga mata waya. Ta kasa magana, sai “Baba, Baba” take cewa. Maƙwabcina ne ya zaunar da ita ya karɓi wayar ya sake kira.

Zan faɗi abin da ya faru yadda waɗanda ke bayan motar suka ba ni labari daga baya. An yi ruwa, suna saukowa daga wani tudu a hanyar da ba kwalta, motar cike da sojoji. Da farko robar ta saki, iskar ta tafi. Giya tana ƙasa kamar yadda ya kamata, injin yana kuka, amma nauyi ya fi ƙarfinsa. A dama akwai kwazazzabo, a hagu akwai dutse, ɓangaren da direba yake zaune. Ya zaɓi dutsen. Babu wanda ya mutu a baya. Gaban motar ya lanƙwashe ya danne masa ƙafar dama.

Ba janwe da zai ja motar a zaro shi. Manoma ne suka zo da gatura da ƙarafa suka yi ta fama. Motar asibitin da aka haɗa su da ita ƙarama ce mai gajeren ciki, irin ta cikin gari, ta tsaya can inda kwalta ta ƙare. A bayan a-kori-kurar wani mai dankali aka fito da shi. Kafin a kai asibiti ƙafar ta mutu. Likitan ya ce mini da an kawo shi da wuri da ya yi ƙoƙarin ceto ta. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Tiyo, janwe, motar asibiti mai shiga daji. Manjon nan ya zauna a bencin maƙwabcina ya lissafa su da bakinsa tun ruwa bai kankama ba. Ba annabci ya yi ba. Ya fara da tambayar aikin da za a yi ne kawai, kuma duk wanda ya fara daga nan zai ga abin da ya gani.

Da aka dawo da ɗana asibiti a nan Zariya, sai aka zauna bincike. Ni ina waje a gindin bishiya, ba a shiga da farar hula. Abin da aka fara cewa shi ne motar lafiyarta lau, an duba ta a gaban babba ta tashi, saboda haka watakila direba ne ya yi gudu. Wato batirin mai tirela da ya yi yini guda a jikin motar shi ne ya zama shaida a kan ɗana. Sojojin da ke baya ne suka tsaya kai da fata suka ce shi ya cece su. A ƙarshe ba a hukunta shi ba, aka sallame shi daga aiki saboda rashin lafiya, aka kuma nuna mana cewa alfarma aka yi masa. Wanda ya sayo motocin da ba su da kayan gyara ba a kira shi ba. Wanda ya ce a ɗaura batiran aro shi ma ba a kira shi ba, na ji ma an ƙara masa girma daga baya.

Manjon ya zo asibitin sau ɗaya, cikin kayan gida kamar ranar farko. An mayar da shi wata makarantar soja yana koyarwa. Ya gaishe da ɗana yana kallon bango, ya kasa duban inda zanen gado ya faɗa. A baranda ya ce mini, “Baba, na kasa.”

“Kai ka faɗa,” na ce. “An kuma ji. Ba rashin ji ba ne.”

Ban san me yake koya wa ɗalibansa a can ba. In wannan jerin magana ce, ina fata yana gaya musu abin da ke faruwa da ita in ta iso bakin gareji.

A shekarar da ta biyo an yi saye. An fara da sababbin ƙananan motoci na hafsoshi. Daga baya aka kawo wasu manyan motoci daga wata ƙasa dabam, waɗanda ko ƙusarsu ba ta shiga jikin na da. Aka jera su kusa da tsofaffin.

Lokacin da ɗana ke kwance, maƙwabcina ya zo asibiti da lemo a leda, ya zauna bai yi wasa ko ɗaya ba, abin da ban taɓa gani ba. Da lokacin zuwan wani baƙo ya kewayo, sojoji suka tsaya a bakin shagonsa. Ina kan bencin.

“Babu,” ya ce.

“Haba, oga mai caji! Ga su nan muna gani.”

“Na masu su ne.”

Sajen ya dube shi, ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa. Suka hau motarsu suka nufi PZ. Ban gama shafin da nake dubawa ba sai ga su sun dawo ta gabanmu, batira jere a baya ko rufe su ba a yi ba. Sajen ya ɗago mana hannu.

Ɗana yana Samaru har yanzu. Matarsa ta haifi mace. Yana zama ƙarƙashin lema a bakin titi yana sayar da katin waya ga ɗalibai, sandunansa jingine da teburin. Ina zuwa ranar Lahadi kamar da, wani lokaci har a tsakiyar mako in zauna kusa da shi. Akwai tudun rage gudu a gabansa kaɗan, duk babbar mota sai ta taka birki a wurin. In ta soja ce sai ya daina magana, ya karkata kai yana saurare. Wata ya bar ta ta wuce. Wata kuma sai ya ce, “Baba, wannan tana zuba.” In duba in ga bayanta cike da yara cikin kaki, riƙe da bindigogi, suna hira. Shi kuma ya juya ya miƙa wa ɗalibi katinsa.